Ƙuri'a, Auduga da Sarƙar Safiyo: Abin da Na Koya a Tarihin Farkon Amurka

A kwas ɗin tarihin Amurka da muka yi, shekarun farkon jamhuriyar, daga hawan George Washington a 1789 zuwa zaɓen 1840, gida uku aka raba mana su: yadda 'yancin zaɓe ya yaɗu, yadda tattalin arziki ya sauya, da yadda ƙasar ta yi ta miƙewa yamma. Haka yake a jadawali, haka ma tambayoyin jarrabawa suke zuwa, kowanne da nasa. Malaminmu dai bai yarda mu karanta su a rarrabe ba. Ya sa kowa ya nemo takarda mai faɗi ya zana taswirar ƙasar da hannunsa, kuma duk abin da ka karanto, zaɓe ne ko banki ko inji, sai ka nuna inda ya faru, ka faɗi wanda yake zaune a wurin kafin nan. Ɗalibi na cewa "sai aka buɗe sababbin filaye", zai tare shi: "Filayen wa? Wa ya buɗe su, kuma da me?" Kusan duk abin da ya zauna mini a kai daga wannan tambaya ya fito.

Da sarƙa zan fara, don ita ce ba a cika ambata ba. Lokacin da yaƙin neman 'yanci ya ƙare a 1783, bashi ya yi wa gwamnatin tarayya katutu, ba ta ma da ikon ɗora wa mutane haraji da kanta. Dukiyar da take da ita, a takarda, ita ce ƙasar da Ingila ta sakar mata har bakin kogin Misisipi. Dokar filaye ta 1785 ce ta tsara yadda za a mai da wannan ƙasa kuɗi. Masu awo suka fara daga gaɓar kogin Ohio, daidai inda iyakar Pennsylvania ta taɓa shi, da sarƙar ƙarfe mai tsawon ƙafa 66. A shimfiɗa ta sau 80, an sami mil ɗaya. Mutum biyu suna janta, na gaba yana saran daji da gatari, ana tsaga alama a jikin bishiyoyi. Kowane yanki mil 6 tsawo mil 6 faɗi, an yanka shi gida 36, kowane gida eka 640, gida na 16 kuma an ware shi don kuɗin makaranta. Layin ba ruwansa da tudu ko fadama, ba ruwansa da garin da ya tarar a hanya. Abin da ya haifar shi ne mutum yana zaune a Filadalfiya zai sayi fili da lamba, ya jinginar da shi, ya sayar da shi da riba, bai taɓa taka shi ba.

Garuruwan da layin ya ratsa kuwa na ƙabilun 'yan asalin ƙasar ne, Shawnee da Miami da Lenape, waɗanda ba wanda ya gayyace su Faris ranar da Ingila da Amurka suke rabon a 1783. Ba su ba da ita a ruwan sanyi ba. A 1791 sun tarwatsa rundunar Janar Arthur St. Clair, suka kashe masa sojoji sama da 600. Sai da aka sake shiri aka ci su a Fallen Timbers a 1794, aka ƙulla yarjejeniyar Greenville a 1795, sannan Ohio ta sami zama jiha a 1803.

Ga inda sarƙa ta haɗu da ƙuri'a. Da farko mafi ƙarancin abin da za ka saya eka 640 ne, sai dai 'yan baranda masu jari. Manoma suka yi ta ƙorafi. Dokar 1800, wadda William Henry Harrison ya tsaya mata a majalisa, ta rage zuwa eka 320, a biya kaɗan-kaɗan. Zuwa 1820 an dawo eka 80 a kan dala 1.25 kowace eka, wato da dala 100 a hannu mutum ya zama mai gona. A yawancin tsofaffin jihohi kuwa, sai mai ƙasa ko mai biyan haraji ke jefa ƙuri'a. Thomas Jefferson ya yi imani da cewa manomi mai cin gashin kansa shi ne ginshiƙin jamhuriya, don ba ya ci a ƙarƙashin kowa, ba mai juya masa ra'ayi ranar zaɓe. Magana ce mai daɗin ji. Amma jama'ar ƙasar miliyan 3.9 ne a ƙidayar 1790, zuwa 1830 sun doshi miliyan 13. Idan kowane ɗa sai ya sami gonarsa kafin ya cika ɗan ƙasa, dole gona ta yi ta ƙaruwa, gonar nan kuwa da masu ita.

Ba zan tauye musu abin da suka cancanta ba. Zaɓen 1800 abin a tsaya a duba ne. An yi yaƙin neman zaɓe na zage-zage da ƙazafi, gwamnatin John Adams tana da dokar 1798 da take ɗaure editocin da suka soke ta, ga shi kuma sakamakon ya cije: Jefferson da abokin takararsa Aaron Burr kowa ƙuri'ar wakilai 73, Adams 65. Sai da majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya fito. Duk da haka jam'iyyar da ke riƙe da soja da baitulmali ta tattara kayanta ta ba da wuri. Adams ya bar birnin Washington da asuba ranar rantsarwa, bai tsaya gaisawa ba, amma dai ya tafi. A duniyar 1801 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai malam ya sa mun koma ga tsarin mulkin 1787, inda aka ce wajen rabon kujeru za a ƙirga kowane bayi biyar a matsayin mutum uku. Bawa ba ya zaɓe, amma yawansa yana ƙara wa jihar ubangijinsa kujeru da wakilan zaɓen shugaba. Akwai masanan da suka yi lissafi suka ce da ba don wannan ƙari ba, ratar takwas ɗin nan da ba ta samu ba.

Cinikin Luwiziyana na 1803 na fi jin daɗin karantawa, don a nan ne na ga yadda kasuwa take jan siyasa da hanci. Manomin Kentucky ko Ohio ba shi da hanyar ƙetare duwatsun Appalachia da masara ko naman alade ya ci riba. Sai ya haɗa wani jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ya loda kaya, ruwa ya gangara da shi makonni har New Orleans. Can zai sayar da kayan, ya farfasa jirgin ya sayar da katakon, don ba ya iya hawa ruwa, sannan ya kamo hanyar gida a ƙafa ta cikin daji. Duk wanda ke riƙe da New Orleans yana riƙe da wuyan waɗannan mutane. A 1802 jami'in Sifaniya ya hana su ajiye kaya a tashar, ga labari kuma ya fito cewa yankin ya koma hannun Napoleon. Yamma ta ɗauki zafi, masu ƙuri'a ne kuwa. Jefferson ya tura James Monroe ya tarar da Robert Livingston a Faris su sayo birnin. Faransawa suka ce su ɗauki yankin duka: dala miliyan 15, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 2.1, wato kusan Najeriya da Nijar a haɗe.

Ruwa ba ya tsami banza. Napoleon ya so ya mai da Luwiziyana rumbun da zai ciyar da gonakin rake na Saint-Domingue, Haiti ta yau, amma bayin tsibirin da suka 'yanta kansu, tare da zazzaɓin shawara, sun cinye rundunar da ya tura, har mijin ƙanwarsa Janar Leclerc ya mutu a can a 1802. Da tsibirin ya kuɓuce, rumbu ba shi da amfani. Saboda haka jinin mutanen Haiti ne ya sauke wa Amurka farashi, ita kuwa ba ta amince da ƙasarsu ba sai 1862. Kuɗin ma bankin Baring na Landan da Hope na Amsterdam ne suka shirya takardun lamunin, ana dab da komawa yaƙi tsakanin Ingila da Faransa. Shi kuma Jefferson, wanda ya yi shekaru yana faɗa da Alexander Hamilton a kan cewa gwamnati ba ta da ikon da tsarin mulki bai rubuta ba, har ya yi adawa da kafa bankin ƙasa a 1791 a kan haka, ya duba bai ga inda aka ce a sayi ƙasa ba. Ya yi tunanin a gyara tsarin mulkin, aka ce masa Napoleon na iya fasawa, sai ya haɗiye. Tun daga nan na daina auna ɗan siyasa da abin da ya rubuta yana adawa. Abin da aka saya a hannun Faransa ma, in an bi diddigi, izini ne na zama mai ƙwace ko mai saye shi kaɗai, don Osage da Pawnee da Sioux suna nan a kan ƙasarsu.

Sai auduga. Duk wanda ya taɓa raba auduga da angurya da hannu ya san aikin. Irin da ke yi a cikin ƙasa, nesa da teku, mutum zai wuni bai gyara fiye da laba ɗaya ba. Injin gurza na Eli Whitney, 1793, ya ninka wannan sau da dama, masaƙun Lancashire a Ingila kuma ba sa ƙoshi. Abin da ya rage ƙasa ce da hannaye. Ƙasar Andrew Jackson ya samo ta: bayan ya murƙushe wani ɓangare na ƙabilar Creek a Horseshoe Bend a Maris 1814, ya tilasta yarjejeniyar Fort Jackson, sama da eka miliyan 20, har da ta waɗanda suka taya shi yaƙin. Misisipi ta zama jiha a 1817, Alabama a 1819. Alabama tana da mutum kusan 128,000 a 1820, shekara goma bayan nan sun haura 300,000. Hannayen kuwa daga Virginia da Maryland aka kwaso su. An haramta shigo da bayi daga waje tun 1808, sai cinikin cikin gida ya bunƙasa: tsakanin 1790 da 1860 kimanin mutum miliyan ɗaya aka kora kudu, wasu ta jirgin ruwa, wasu a ƙafa cikin mari, an raba uwa da ɗa, miji da mata. Bayi ba su cika 700,000 ba a 1790, zuwa 1860 sun kusa miliyan huɗu.

Mutum ɗaya ya tsaya mini a rai a cikin waɗannan alƙaluma. Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, ɗan gidan sarautar Futa Jalon a ƙasar Gini ta yau, mai karatun Arabiyya, an kama shi a yaƙi aka sayar da shi har ya faɗo Natchez a 1788. Shekara 40 ya yi a gonar wani Thomas Foster, a idonsa yankin ya koma hannun Amurka, a idonsa auduga ta mamaye shi. Wata takarda da ya rubuta da Arabiyya ta kai ga Sarkin Maroko, gwamnatin John Quincy Adams ta sa baki, aka sake shi a 1828. Ya zaga biranen arewa yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, magoya bayan Jackson kuma suka mai da zancensa makamin sukar Adams, don shekarar zaɓe ce. Ya isa Laberiya da matarsa a 1829, ya rasu a shekarar, bai ga garinsu Timbo ba, 'ya'yan kuma suna can baya.

Kada a ɗauka arewacin Amurka hannunta a wanke yake. 'Yan matan ƙauye da suka cika masaƙun Lowell a Massachusetts audugar kudu suke saƙawa, 'yan kasuwar New York kuma su ke ba da bashi da inshora da jiragen da ke kai ta Liverpool. Zuwa tsakiyar shekarun 1830 auduga ta haura rabin kuɗin duk abin da ƙasar ke fitarwa. Hanyar ruwa ta Erie, mil 363 da aka haƙa tsakanin 1817 da 1825, ta karya kuɗin dakon kaya daga Buffalo da kusan kashi 90 cikin 100, ta ɗaure manoman yamma da kasuwar New York. Jirgin tururi kuma ya sa hawa Misisipi ya zama wasa.

Kasuwa mai nisa tana zuwa da nata ciwon. A 1819 farashin auduga ya faɗi da kusan rabi, bankin ƙasa na biyu ya matsa a biya shi, waɗanda suka ci bashin filaye, sama da dala miliyan 20 a wuyansu, suka rasa gonaki. Mutumin da bai taɓa ganin Landan ba ya wayi gari Landan ta talauta shi. Wannan fushin ne ya nemi ƙofar fita, ya same ta a akwatin zaɓe. Jihohi suka yi ta sauke sharaɗin mallakar ƙasa. A 1824 Jackson ya fi kowa ƙuri'a, majalisa ta ba John Quincy Adams, shi kuma ya naɗa Henry Clay sakataren harkokin waje, mutanen Jackson suka ce cinikin kujera ne. Martin Van Buren ya gina musu jam'iyya ta gaske, da jaridu da kwamitoci har ƙauye. Masu fitowa zaɓe suka tashi daga kusan kashi 27 cikin 100 a 1824 zuwa kusan 57 a 1828, Jackson ya lashe, aka shiga rabon muƙamai ga 'yan jam'iyya, har Sanata William Marcy ya faɗa a fili a 1832 cewa ganima ta wanda ya ci yaƙi ce.

Abin da na koya a nan shi ne in riƙa karanta dokar zaɓe har ƙarshen layi. Babban taron gyaran tsarin mulkin New York na 1821 ya sauƙaƙa wa fararen maza, a takarda ɗaya kuma ya ce baƙar fata sai yana da ƙasa ta dala 250. New Jersey, inda mata masu dukiya suke zaɓe, ta rufe musu ƙofa a 1807 tare da baƙaƙe. Carolina ta Arewa ta cire 'yantattun baƙaƙe a 1835, Pennsylvania a 1838. Da can a waɗannan jihohi dukiya ce shingen, ko wane launi gare ka. Yanzu shingen ya koma launi da jinsi, wanda ba ka da hanyar tsallakewa ko ka tara nawa.

Ƙabilar Cherokee ce ta fi ɗaukar mana lokaci, kuma ta cancanta. Duk abin da aka ce musu su yi don a bar su, sun yi. Sequoyah ya ƙirƙira musu haruffan rubutu a 1821, suka rubuta tsarin mulki a 1827, suka fara buga jarida da harshensu da Turanci a New Echota a 1828. Suna da gonaki da makarantu da kotuna, manyansu har bayi gare su. Sun ma taya Jackson yaƙi a Horseshoe Bend. Sai aka ga zinariya a ƙasarsu wajen Dahlonega, jihar Jojiya kuma ta shimfiɗa dokokinta a kansu.

Yadda Jojiya ta raba ƙasar ne ya fi tsaya mini. A 1795 an yi wata badaƙala, ta Yazoo, inda aka saye 'yan majalisar jihar suka sayar wa kamfanoni miliyoyin eka a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Jama'a suka fusata, suka kori majalisar, daga baya aka koma raba ƙasar gwamnati ta hanyar caca don kada manya su handame. A 1832 aka auna ƙasar Cherokee, masu ita suna ciki, fuloti-fuloti na eka 160, yankin zinariya eka 40. A Milledgeville, babban birnin jihar a lokacin, aka kafa manyan ganguna masu juyawa, ɗaya da sunayen mutane, ɗaya da lambobin filaye. A juya, a zaro suna, a zaro lamba. Magidanci yana da dama biyu, an sa gwauraye mata da marayu da tsofaffin sojoji. Wanda ya dace ya biya 'yan daloli ya karɓi takarda. In ka tsaya a cikin zauren, da wuya ka ga rabo mai adalci kamar wannan. Shugaban Cherokee, John Ross, ya dawo daga Washington ya tarar da wanda ya ci gidansa a caca yana ciki.

Wata 'yar ajinmu ta ce, "Malam, ai zamaninsu ne haka, ba za mu auna su da mudun yau ba." Ya ce, "To, Malama, je ki duba mana yadda majalisarsu ta kaɗa ƙuri'a." Dokar kwashe ƙabilun ta Mayu 1830 da ƙyar ta sha a majalisar wakilai, ratar 'yan ƙuri'u ƙalilan. Sanata Theodore Frelinghuysen ya kwashe sa'o'i yana sukarta, mata a jihohin arewa sun yi ta aika koke duk da ba su da ƙuri'a, David Crockett na Tennessee, jihar Jackson, ya ƙi ta, ya kuma rasa kujerarsa a zaɓen da ya biyo. Mudun nasu ne, a zamanin aka auna, masu rinjaye suka zaɓi ƙasa. A 1832 kotun ƙoli ƙarƙashin John Marshall, a shari'ar wani mai wa'azin Kirista, Samuel Worcester, ta ce dokokin Jojiya ba su da hurumi a ƙasar Cherokee. Ba wanda ya aiwatar. Akwai wata magana da ake jingina wa Jackson, wai Marshall ya yanke hukunci sai ya zo ya zartar da kansa. Malam ya hana mu rubuta ta, don ba ta bayyana a rubuce ba sai shekaru bayan mutuwarsa. Abin da ya aikata ya isa hujja.

A Disamba 1835 wasu 'yan tsiraru, su Major Ridge da ɗansa John da Elias Boudinot, da suka ga ba makawa, suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota a kan dala miliyan 5. Ross ya kai koke mai sunaye kusan 15,000, daga al'ummar da ba ta wuce 16,000 da wani abu ba. Majalisar dattawa ta amince da yarjejeniyar da rinjayen ƙuri'a ɗaya a kan kashi biyu cikin uku da ake buƙata. A Mayu 1838, Van Buren yana mulki, Janar Winfield Scott ya zo da sojoji kusan 7,000, aka tattara mutane daga gidajensu aka tsare a sansanoni, cuta ta shiga cikinsu da bazara, sauran suka kama hanyar Oklahoma ta yau cikin hunturu. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 4,000 suka mutu, cikinsu har matar Ross. A Yuni 1839 aka kashe Ridge da ɗansa da Boudinot rana ɗaya.

'Yan adawar Jackson, jam'iyyar Whig, waɗanda da yawansu suka soki wannan aiki, sun karanci masu zaɓe da kyau. Tattalin arziki ya sake durƙushewa a 1837, suka ga dama. Don zaɓen 1840 suka ajiye Clay suka tsayar da Harrison, mai dokar filayen 1800, wanda a matsayin gwamnan yankin Indiana ya karɓe kusan eka miliyan 3 a yarjejeniyar Fort Wayne ta 1809, ya kuma yi suna da yaƙin Tippecanoe na 1811 da mutanen Tecumseh, jagoran Shawnee. Ɗan babban gida ne daga Virginia, amma aka tallata shi a matsayin talaka mai bukkar katako. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a suka fito, ya kayar da Van Buren. Wata ɗaya ya yi a kan mulki ya rasu, mataimakinsa John Tyler ya hau, kuma kwana uku kafin ya sauka, a Maris 1845, ya sa hannu a kan ƙudurin shigo da Texas.